Sai Kwalba Ta Yi Ɗumi

A shekarar 1974, ina da shekara 14, mahaifina ya sako ni a motar 'yan kasuwa daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ya damƙa ni a hannun wani mai gyaran rediyo da ke da rumfa kusa da tasha. Ya ce masa, "Malam, ga amana nan, ka koya masa abin da zai riƙe kansa da shi." Na shafe wata uku hannuna bai shiga cikin rediyo ba. Nawa shi ne shara, da hura garwashin da ake gasa ƙarfen dalma, da wani aiki guda da na daɗe ban gane amfaninsa ba. In an tayar da ɗan janareta an kunna wata baƙar amfilifaya mai nauyin gaske, sai in tsuguna a bayanta in ƙura wa kwalaben cikinta ido, har wani ɗan jan haske kamar garwashi a ƙarƙashin toka ya bayyana a tsakiyar kowace. Sannan in ce, "Maigida, sun kama." Sai a lokacin yake murɗa mata murya.

Bawul ne sunanta a bakin masu sana'a, amma mutanen gari kwalba suke cewa, mu ma muka bi su. Gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa ƙaf aka liƙe. A tsakiya akwai zare da ake ba wuta bolt 6.3 ya yi zafi. Zafin nan ke sa wani ɗan bututun ƙarfe da ya lulluɓe zaren ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su kuwa su ruga zuwa wani faranti da ke kewaye, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, bolt 300 zuwa 450 ko fiye. Tsakanin bututun da farantin akwai wata 'yar raga ta siririyar waya, kuma a nan hikimar take. Maigidana da lambu yake kwatanta mini. Ya ce, ka dubi mai ban-ruwa, da tsinin fartanya kawai yake buɗe bakin kwari ko ya toshe, ruwa mai yawa ya bi inda yake so. Haka 'yar wutar da ke fitowa daga makirfo take, ba ta da wani ƙarfi, amma in ta hau ragar nan sai ta sarrafa babbar wutar, magana ta fito ta lasifika a ji ta a ƙarshen gari. Daga baya na karanta cewa wani Baturen Ingila mai suna Fleming ne ya fara ƙera kwalbar a 1904, wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara mata ragar a 1906. Kwatancin lambun nan dai har yau da shi nake koyarwa.

Rediyo ce ta haifi sana'armu a ƙasar nan, kiɗa daga baya ya biyo. A 1944 aka kakkafa lasifikoki a Kano, a ƙofar fadar Sarki da gidan waya da sauran wuraren taruwar jama'a, ana turo musu shiri ta waya daga tasha guda. Motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa da injin wuta da ƙaho, kuma da yawan manyanmu a Kurfi a filin majigi suka fara jin muryar mutum ta fi ƙarfin maƙogwaronsa. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, sai kowane mai hali ya so ya mallaki akwatinsa. Na farkon da suka shigo ƙauyukanmu masu kwalba ne, suna cin wani ƙaton batir mai hawa biyu, bolt 90 a gefe guda, 1.5 a ɗaya gefen, in ya ƙare sai an aika birni. Saboda haka a gidan hakimi ake ganinsu, ko alƙali, ko hedimasta, ko babban dillalin gyaɗa da auduga.

Maigidana a Sabon Garin Kano ya koyi aiki, a wajen wani ɗan ƙabilar Ibo. Da rikicin 1966 ya tashi, mutumin ya tattara iyalinsa ya tafi, ya bar masa mitar Avo da akwatin katako cike da kwalabe, kowace naɗe cikin takarda. Bai sake jin ɗuriyarsa ba. Amma ban taɓa ganin ya buɗe akwatin nan bai ambace shi da alheri ba. Duk wanda zai faɗi tarihin gyaran rediyo a Arewa tsakani da Allah, sai ya faɗi cewa akasarin masu gyaran farko 'yan Kudu ne, a hannunsu iyayen gidanmu suka koya, kuma giɓin da tafiyarsu ta bari ne ya tura yaran shago da dama suka zama masu rumfar kansu a garuruwa irin namu.

Lokacin da na shiga aikin, taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ta riga ta ci kasuwar ƙananan rediyo. Wa zai nemi batirin bolt 90 alhali ga rediyon da manomi zai rataya a kafaɗa da batirin tocila huɗu? Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, rediyo mai kaset ta cika gari. Inda kwalba ta yi saura shi ne cikin tsofaffin rediyogiram na falo da kuma amfilifaya, domin taransistocin farko ba su da juriya in aka matsa musu. A nan abincinmu yake. Muna ba da haya a bikin aure, da mauludi, da wasan makaranta, da saukar karatu. Siyasar 1979 kuwa, tsakanin 'yan NPN da 'yan PRP, ba mu kwana da kaya a rumfa. Maigida bai taɓa tambayar mai haya jam'iyyarsa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, yaronsa zai bi kayan, kuma ba mai taɓa su sai shi.

Ranar da aka fara barina in fita da kaya ni kaɗai, biki ne a garinmu Kurfi. Na ɗaure ƙaho biyu a reshen bedi, na ja waya zuwa zaure, na jira kwalabe suka kama, komai ya tafi daidai har bayan isha'i. Sai wani mai keke ya ratsa, ya fizge wayar daga sama ba tare da kowa ya lura ba. Murya ta ɗauke. Ni kuwa a zatona makirfo ne ya yi rauni, na ƙara murɗawa, maroƙi na ta kwarara kirari a ciki. Ba a jima ba na ji wani ƙauri, irin na fenti da takarda in sun ƙone tare. Wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa.

Abin da ya faru shi ne, amfilifaya mai kwalba ba ta haɗuwa da lasifika kai tsaye, sai ta cikin wata taransifoma ta musamman da ke sauke babbar wutar ta daidaita ta da lasifikar. In aka cire lasifika ana cikin aiki, ƙarfin da ya taru a naɗin wayar ya rasa mafita, sai ya yi tsalle ya huda rufin wayar daga ciki. Wannan ce doka ta farko a sana'ar: ba a kunna ta babu lasifika, kuma a dubi lambar da ke bayanta, 4 ko 8 ko 16, a haɗa da lasifikar da ta dace. Ƙaho biyu masu 16 in an jera su baki ɗaya sun koma 8. Na san dokar da baki, amma a daren nan ta shiga jikina.

Maigida bai ɗaga mini hannu ba. Ya ce, "Zauna nan." Ya kwance ƙarafan taransifomar ɗaya bayan ɗaya, ya soma warware wayar, siririya kamar gashin doki, ni ina ƙirga zagaye, duk ɗari in jefa tsakuwa a gwangwani. Babban naɗin ya haura 2,000, kuma ba a dunƙule yake ba, an raba shi hawa-hawa an sarƙa da na lasifika, da takarda a tsakanin kowane hawa. Ya zana tsarin a bayan kwalin sukari. Aka sayo sabuwar waya daga Kano, muka mayar da ita da hannu a kan wata 'yar na'ura da ya harhaɗa da marikin keken ɗinki. Kwana tara muka yi. Da aka kunna, ta yi magana tangaran, ya dube ni ya ce, "To, yanzu ka san abin da ke cikinta."

Doka ta biyu ta rai ce. A cikin kowace amfilifaya akwai manyan kondensa masu tace wuta, kuma suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare ta daga bango. Ana sauke su ta cikin rizisto, a auna da mita a tabbatar, sannan a sa hannu. In dole sai an yi awo tana kunne, hannu ɗaya ake aiki da shi, ɗayan a baya, ƙafa cikin takalmin roba, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Na taɓa zuwa wani masallaci inda ladan ya ce makirfo na cizonsa a leɓe duk asuba. Kayan ba su da wayar ƙasa. Muka haƙa rami a bayan bango, muka binne ƙarfe da gawayi da gishiri, muka ɗaure jikin amfilifayar da shi, cizo ya ƙare. Shi kuma fiyus, in ya ƙone saƙo yake isarwa. Na ga kaya masu tsada da yawa da suka mutu saboda wani ya naɗe fiyus da takardar taba mai ƙyalli don kada taro ya watse.

Sauran aikin ido ne da kunne da hanci. A jikin kowace kwalba akwai wani shafi mai sheƙi kamar madubi, in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ta gama aiki. In farantin ciki ya yi ja, a kashe nan take. In lasifika na wani gurnani mara yankewa ko ba a magana, kondensar tacewa ce ta bushe, kuma zafin bazararmu na busar da su da wuri. In ka ƙwanƙwasa ƙaramar kwalba da bayan fensir ka ji ƙarar ta fito ta lasifika kamar ƙararrawa, kayan cikinta sun saki. Bayan kowane gyara muna jona ƙwan fitila a kan hanyar wuta kafin mu kunna. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗuwa, ƙwan ya tare ɓarnar. Ga kuma abokan gabar da Turawan da suka ƙera ta ba su yi lissafi da su ba: ƙurar hunturu da ke kwanciya a ƙafafun kwalba, in damina ta zo ta jiƙe ta zama hanyar wuta, da kyankyaso, da ɓera, da zanzaro da ke gina ɗakinsa na laka daidai kan soket.

Akwai wani mai garaya daga ƙauyukan yammacin Kurfi da ya kan yi hayar kayanmu. Ya kan ɗaure ɗan ƙaramin makirfo a jikin ƙwaryar garayar da tsumma, sannan ya matsa mini in ƙara. A wajen maigida, amfilifaya mai kyau ita ce wadda ke fitar da magana tas, ba ƙari ba ragi, kuma da zarar murya ta fara kauri sai ya ce an wuce gona da iri. Mai garayar nan kuwa daidai wurin yake nema. Ya kan ce, "Yaro, ƙara mata har ta fara kuka, a nan daɗin yake." In na kai ta gaɓar, sai tsirkiya ta yi wani kauri mai ɗumi, sautin ya daɗe bai mutu ba, in ya sassauta yatsa ta koma garau, in ya danna ta yi ruri. Fili ya kan ɗauki wuta. Shi da maigida sun sha musu a kan wannan, kowa da gaskiyarsa, domin mai wa'azi da makaɗi ba abu ɗaya suke nema ba.

Ban san cewa abin da mutumin nan ya gano da kunnensa shi ne duniyar masu jita ta ginu a kai ba, sai lokacin aikin madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983. Aikin ya tara ma'aikata daga ko'ina, har da 'yan Kudu masu ƙungiyar kiɗa da ke wasa a coci da wurin shaƙatawa. Wata rana biyu daga cikinsu suka sauke wani akwati a ƙofar rumfa, kusan kilo 30, da lasifika biyu masu inci 12 a gaba, an rubuta Fender Twin Reverb. Na leƙa baya na ga kwalaben a rataye suke, kai a ƙasa, manya huɗu masu lamba 6L6 da jerin ƙanana. A gindin akwatin akwai wata jaka, cikinta tire mai siraran sifirin. Da na gusa akwatin yana kunne sai ya yi ƙara kamar tsawa. Ashe sauti ake turawa ta cikin sifirin ɗin ya dawo da amsa-kuwwa.

Ciwon wannan amfilifaya shi ne manyan kwalaben na yin ja bayan 'yan mintoci. Kowace babbar kwalba ana ɗora wa ragarta wata wuta ta baya, wajen bolt 50 a irin wannan, wadda ke riƙe ta kamar linzami. In linzamin ya saki, sai ta yi ta zuƙar wuta har ta cinye kanta. 'Yar kondensa guda ce ta lalace a wannan layi. Muka canja ta, muka daidaita awon, mai jitar ya saƙala wayarsa. Da ya ƙara murya ya ja tsirkiya, na ji kukan garayar nan sak. Taransista in ta kai iyakarta datse sauti take yi kamar da almakashi, kwalba kuwa lanƙwasa shi take a hankali, shi ya sa kunne ke karɓa.

Abin da ya fi faranta mini rai da na bi tarihin shi ne, Leo Fender ɗan sana'armu ne. A 1938 ya buɗe shagon gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya, yana harhaɗa lasifika yana ba makaɗa haya, daga nan ya kai ga ƙera jita da amfilifaya. A Landan, Jim Marshall ya fitar da tasa a 1962 bisa tsarin wata ƙirar Fender, daga baya kamfaninsa ya koma ga EL34, irin kwalbar da ke cikin baƙar amfilifayarmu ta haya. Vox AC30 da 'yan Beatles suka yi suna da ita, EL84 huɗu ne a cikinta, lambar da muka sha cirowa daga rediyogiram. A Arewa kiɗan jita ya zauna ne a manyan birane, Sabon Garin Kano da Jos da Kaduna, inda Bala Miller ya riƙe babbar ƙungiya yana waƙa da Hausa. Mu nan garaya da kukuma da gurmi ne suka sha wannan wuta, sai kalangun mawaƙa irin su Mamman Shata da lasifika ta kai amonsu nesa.

Ba zan ce an zalunci kwalba da aka bar ta ba. Da Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan suka shigo da amfilifaya masu aiki da batirin mota, bolt 12, ba janareta, ba jira, ba nauyi, masallacin ƙauye da mai tallar magani a kasuwa sun sami abin da ya dace da su, ni ma da hannuna na kafa da yawa. Masana'antar Mullard ta Blackburn a Ingila, wadda sunanta ke kan rabin kwalaben akwatinmu, ta daina yin su a farkon shekarun 1980. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sayen sabuwa ya gagara, muka koma farautar matattun rediyogiram. A shekarun 1990 fiyano ya mamaye waƙar Hausa, a 2001 wayar salula ta zo, yaran da za su gaje mu suka koma gyaran waya, kuma ban ga laifinsu ba, can ciniki yake. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu a 'yan shekarun nan ya rage tarukan dare da masu hayar lasifika ke ci da su. Abin da ke yi mini ciwo shi ne amfilifayoyin da aka fasa da guduma aka sayar wa 'yan gwangwan don jan ƙarfen da ke cikin taransifoma, naɗin da na san kwana nawa yake ci. Da kuma hanyar aiki da ta tafi tare da su, ta bin ciwo daga baki har gindi da mita da zane. Yau allo ake cirewa gaba ɗaya a sa wani.

A waje kuwa masu jita ba su taɓa sakin kwalba ba. Har yanzu ana ƙera kwalba a Saratov ta Rasha, da Silobakiya, da Sin, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashinta ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ga maƙwabtanmu na Nijar, Bombino da Mdou Moctar, sun kai jitar Abzinawa manyan dandalin Turai da Amurka, samarinmu na kallonsu a waya.

Ɗaya daga cikin samarin nan, ɗalibi a Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, shi ya zo mini kwanakin baya a kan babur na haya, rungume da wata 'yar amfilifaya ta gwanjo mai wat 15. Ya zagaya masu gyara uku, kowa ya ce bai san kanta ba, har aka kwatanta masa rumfata. Ya ce, "Baba, an ce kai kaɗai ka rage." Ƙirar Amurka ce, ta wuta bolt 120, an soka ta a tamu mai 230, Allah Ya taimaka fiyus ya riga komai mutuwa. Da muka samo taransifomar rage wuta, jikana mai gyaran waya ya kai hannu zai taɓa ciki bayan gwajin farko, na riƙe wuyan hannunsa, na ɗora tsohuwar Avo a kan kondensa, allura ta tashi ta wuce 200 alhali waya na zare. Bai ce komai ba, ya mayar da hannu ɗaya baya da kansa. Sai na buɗe akwatin katakon nan na zaɓo EL84 biyu da awonsu ya zo ɗaya, na maye gurbin nasa da suka gaji.

Ya yi kiɗa kusan rabin sa'a. Na miƙa hannu na kai masa murya daidai gaɓar mai garaya, masu shagunan kusa suka taso suka tsaya a bakin rumfa. Da ya gama ya zare waya ya sunkuci akwatin zai ɗora a babur, na ce, "A'a, ɗana, ajiye. Zaren yana da taushi in da zafi, gargadar hanya za ta tsinka shi. Zauna ka sha ruwa, sai sun huce." Mai babur ya kashe injinsa. Muka zauna mu huɗu a kan benci, gilashin na 'yar ƙara ƙas, ƙas, yana sanyi, yaron na tambayar jikana ko akwai sauran irin kwalaben nan a akwatin.